Gyaran Tsohon Gida: A Gyara Haƙƙi Kafin A Taɓa Bango

   

A wannan watan zan ɗan kauce daga darasin tarbiyyar yara da muka saba, in kai ku gidanmu na gado da ke cikin garin Haɗeja. Dalili kuwa shi ne, damina ta ja baya, kuma kowa ya san da zarar an sayar da shinkafa da riɗi, kuɗi sun shigo hannu, sai ki ji zancen gyaran gida ya tashi a dangi. Abu ne mai kyau. Sai dai na ga gidaje da yawa da aka ta da bango aka shafe shi da fenti, amma kafin fentin ya bushe wa da ƙanwa sun daina gaisawa. Mu ma saura ƙiris hakan ta same mu, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin, ko wata ta tsira.

Yadda abin ya faro

Gidanmu ginin ƙasa ne, kakanmu ya gina shi. Akwai zaure da shigifa, da soraye uku, da ɗakuna biyu na kwano da aka ƙara daga baya, da rijiya a tsakar gida, sai wani ɗaki a ƙurya da aka kulle tun rasuwar kakarmu. Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2016, ya bar Inna da mu biyar, maza biyu mata uku. Ba a raba gado ba. Ba wani ne ya hana ba, kunya ce kawai. Wa zai buɗe baki ya ce a raba gidan da Inna take ciki? Bayan shekara uku ƙaninmu namiji shi ma ya rasu, ya bar matarsa da yara biyu ƙanana, suna zaune a ɗakunan kwanon nan.

To, ku da ba ku san Haɗeja ba, garinmu a bakin ruwa yake. Kogin Haɗeja ruwan kogin Kano ne da na Challawa suka haɗu suka gangaro, kuma a samansu akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. Idan damina ta yi ƙarfi, madatsun suka cika, ruwan nan dole ya biyo ta kanmu. A ƙasa kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, don haka maimakon ya wuce sai ya tsaya ya malale. A 2020 da 2022 mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da mu kanmu mun ga tashin hankali. Samarin gari kwana suka riƙa yi suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga don kada ruwa ya ci gari.

Kogin bai shigo gidanmu ba, amma ruwa ya zo mana ta inda ba mu zata ba. A 2020 katangar baya ta zube. A 2022 kuwa daga ƙasa ya riƙa tsattsafowa, rijiya ta cika har hannu yana taɓa ruwa, daɓen ɗakin Inna ya jiƙe sharkaf, gindin bango ya fara zubar da gari.

Da ruwa ya janye sai babban wanmu ya zo daga Kano, ya tara mu a ɗakin Inna, ya ce, “Inna, ki koma wurina na wata uku, in rushe gidan nan in yi miki na bulo. Ba na buƙatar sisin kowa.” Nan fa ɗaki ya ɗauki addu'a, kowa yana Allah ya yi albarka. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin a makon nan ma na karantar da ɗalibaina babin gado. Sai na yi ƙarfin hali na ce, “Yaya, don Allah ina da tambaya, kada ranka ya ɓaci. Kuɗin nan da za ka zuba, kyauta ce ka yi mana, ko rance ne, ko kuwa rabonmu kake saya?”

Ɗaki ya yi tsit. Ya dube ni ya ce, “Au, yanzu malantar taki a kaina za ta ƙare?” Ya tashi ya fita. Mako biyu ina kiran wayarsa ba ya ɗauka. Yayata ta ce na cika tsurku, ƙanwata ta ce na kori alheri. Gwaggonmu ce, ƙanwar Baba, ta kira shi ta ce, “Ɗan nan, ƙanwarka ba ta zage ka ba. Yau kana raye, kowa ya san niyyarka. Gobe in ba ka, 'ya'yanka ne za su tashi su ce ubanmu ya gina, marayun ƙaninka kuma su rasa bakin magana.” Wannan maganar ce ta dawo da shi.

Gidan na wane ne?

'Yar uwa, wannan ita ce tambayar farko, kafin a kira magini, kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Daga lokacin da mai gida ya cika, gidansa ya zama na magada, ko an raba ko ba a raba ba. Babban ɗa ba shi ne mai gida ba, mai rabo ne kamar kowa. Wanda yake zaune a ciki ma haka.

Shari'a ta tsara abin daki-daki. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai a biya bashi, sai a zartar da wasiyya idan akwai, ita kuma ba ta wuce sulusin dukiya, sannan a raba abin da ya rage. Rabon kowa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba. Idan matan sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa a tsakaninsu. 'Ya'ya kuma namiji yana ɗaukar rabon mata biyu.

Ga yadda namu ya kasance, da yake iyayen Baba sun riga shi rasuwa. An kasa gidan kashi 8. Inna tana da 1, maza biyu kowanne yana da 2, mu mata uku kowacce tana da 1. Kashi 2 na ƙaninmu marigayi bai ɓace ba, tunda bayan Baba ya rasu. Ya koma kan nasa magadan: Inna ta sami sudusi a ciki, matarsa ta sami tumuni, sauran na yaransa ne. Kin ga ke nan a gidan da ake shirin rushewa akwai dukiyar marayu, ga kuwa gargaɗin da aya ta 10 ta wannan sura ta yi a kan cin dukiyar maraya, wanda duk mai imani ya ji shi sai jikinsa ya yi sanyi.

Sai kuma a bincika ko gidan na mamacin ne shi kaɗai. Mu mun yi sa'a, an raba gadon kakanmu tun da daɗewa, Gwaggo ta ɗauki gona, Baba ya ɗauki gida, kuma ita da bakinta ta tabbatar. A gidaje da yawa na unguwanni irin su Majema da Dubantu da Kasuwar Ƙofa, za ki tarar gado kan gado ne, hawa biyu ko uku ba a raba ba. Irin wannan ba aikin zaman ɗaki ba ne, sai an je wurin malamin da ya san lissafin gado, ko kotun shari'ar Musulunci.

Bayan an san rabon kowa, sai a faɗi sunan kuɗin gyara. Ko dai karo-karo ne gwargwadon rabo, misali idan aikin zai ci naira 800,000 a gida mai kashi 8, kowane kashi ya kawo 100,000. Ko kyauta ce daga mai hali, wadda ba za ta ƙara masa ko taku ɗaya a gidan ba. Ko rance ne da za a cire masa ranar da aka raba ko aka sayar. Ko kuwa sayen rabo ne, a yi wa gidan kuɗi a biya mai sayarwa. Duk wanda aka zaɓa, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan Allah bai ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda ba, don me mu za mu ɗauka?

Ki kuma san wani haƙƙi da ake kira shuf'a, wanda waɗanda suka karanta Risala suka sani. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa bare rabonsa, sauran suna da ikon su biya wannan kuɗin su karɓe. Saboda haka mai son sayarwa ya fara tallata wa 'yan uwansa.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Yaya ya ce rabin kuɗin sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Rabi kuma rance ne a kan gidan, amma abin da ya hau kan marayu ya ɗauke musu. Mu manya muka amince ba wanda zai nemi a sayar muddin Inna tana raye. Aka rubuta a gaban limamin unguwa da mai unguwa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Ina da magana ta musamman da ke a nan. Mu mata mun iya cewa “na yafe” tun ba mu san abin da muke yafewa ba. Kyauta abu ne mai lada, amma ki fara sanin rabonki, sannan ki bayar da zuciya ɗaya. Yafiyar da kunya ko tsoron gori ta tatso daga bakinki, ita ce take dawowa bayan shekara goma ta zama ƙorafi a bakin 'ya'yanki. Rabon maraya kuwa ba mai ikon yafe shi, ko uwarsa ce.

Ranar kwashe kaya

Mun sa aikin a hutun makaranta na watan Disamba, don a sami hannuwa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ranar muka yi dokoki, kuma ina ba ki shawara ki yi irinsu.

Ta farko ta lafiya ce. Ɗakin da ya daɗe a kulle gidan ɓera ne, zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, kuma a rani ya fi yaɗuwa. Saboda haka a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga tukuna, a yayyafa ruwa mai bilic kafin a sa tsintsiya, kada a yi sharar da za ta ta da ƙura. Mai aiki ya sa takunkumi da safar hannu da takalmi rufaffe. Mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su tsaya a waje. Kada a zura hannu a randa ko bayan adaka sai an taɓa da sanda, saboda kunama da maciji. Mu kunama huɗu muka kashe a ɗakin kaka kaɗai. Wanda tsohuwar ƙusa ta soka, a wanke wurin a kai shi asibiti a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, kada a tsaya shafa manja. Tsofaffin magunguna da ragowar maganin feshi da na ɓera, babba ne zai tattara su, kada su shiga bolar da yara suke tonawa.

Ta biyu ta amana ce. Ba abin da zai fita daga gidan sai an rubuta shi. Muka ba babbar jikar Inna littafi da biro ta zauna a bakin shigifa. Muka shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar gida: ɗaya ta abin da za a ci gaba da amfani da shi, ɗaya ta abin da za a raba wa magada, ɗaya ta sadaka, ɗaya ta takardu. Abin da ya lalace kuma a kai shi waje.

Nan ma sai da aka so a yi rigima. Da aka fito da jeren Inna, kwalla da langa da tasoshi da fanteka, sai na ji yayata da ƙanwata sun fara “wannan tawa ce, tun ina yarinya nake sonta.” Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana jinsu, sai ta ce, “To ku bari in mutu mana tukuna.” Kunya ta rufe mu. Ki riƙe wannan: kayan ɗakin uwa ba sa cikin gadon uba. Nata ne, ta ba wanda ta so, ta hana wanda ta so. Haka kayan matar marigayi. Kayan ɗakin kaka kuma, da gadonta mai rumfa da akusa da mazari da zannuwan saƙi, ba mu taɓa ba sai da Gwaggo ta zo, domin ita ce 'yarta, da rabonta a ciki.

'Yan gwangwan kuwa tun da safe suka yi layi a ƙofar gida. Kada ki yarda yara su yi ciniki da su. Tsohuwar tasar tagulla da kike gani ta yi baƙi, a kilo za su saye ta, alhali toka da lemun tsami kawai take buƙata.

Abin da muka tarar a adakar Baba

Wannan adakar ita ta fi komai tsayar da mu. A ciki akwai kwabbai da sulalla na kafin 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Akwai rasiɗan haraji na kakanmu a ɗaure da zare, na tun kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, lokacin Haɗeja tana cikin jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Yaran da ba su taɓa jin kalmar jangali ba, ranar sun sha tarihi a bakin Gwaggo. Akwai takardar gonar fadama da muka daɗe muna nema. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, warƙa-warƙa, wanda kakanmu ya rubuta da ka.

Sai kuma wata 'yar takarda da rubutun ajami, da hannun Baba, cewa wani mutumin Auyo yana binsa buhu uku na shinkafa shanshera. Ba wanda ya taɓa jin zancen, har Inna. Babu alamar an biya. Shekara shida Baba yana kwance da wannan a wuyansa, takardar tana ƙarƙashin gado. Yaya da kansa ya je Auyo, ya tarar mutumin ya rasu, ya nemo 'ya'yansa ya sauke musu buhu uku. Da ya dawo bai ce mini komai ba, amma daga ranar ya daina kirana malama da gatse.

Don haka kada ki bari a zuba takardar tsohon gida a wuta sai wanda ya iya karatun boko da na ajami ya duba ta ɗaya bayan ɗaya. Warƙoƙin Alƙur'ani da suka yage har ba sa karantuwa, da alluna da suka karye, a wanke na wankewa, a binne na binnewa a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona su da ladabi a binne tokar. Sayyidina Usman ma ƙonawa ya sa aka yi wa sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi. Amma littafin da yake karantuwa, kada a yi masa haka. Dubban littattafan Tambutu ta ƙasar Mali da duniya take alfahari da su, a gidajen iyalai aka adana da yawansu, kuma da rikici ya ci garin a 2012, a akwatunan ƙarfe aka kwashe su zuwa Bamako. Idan kin sami irinsu, ki naɗe a farin ƙyalle, ki ajiye a sama inda danshi da gara ba sa kaiwa, kada ki manna musu salatif, kada ki rufe su a leda. A ɗauki hotonsu da waya. Idan suna da yawa, akwai masana a Arewa House da ke Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano da suka san darajarsu.

A fara da ruwa, ado ya biyo baya

Da gida ya zama fayau, sai ga wata sabuwa. Inna ta ce ba mai rushe mata soro. Ta ce a nan ta haife mu, kuma ta ga yadda masu ɗakin kwano suke gudowa tsakar gida da bazara. Gaskiya ta faɗa, domin bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin rana, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Yaya ya ce to, tunda don ita ake yi. Aka kira wani dattijon magini ya zagaya gidan da sandarsa yana ƙwanƙwasa bango. Ya ce soraye biyu za su tashi, ɗaya da katangar baya sai dai a sauke. Ya kuma faɗi abin da ban manta ba: bangon ƙasa ba ya mutuwa daga tsakiya, daga gindi yake ruɓewa ko daga ka, duk kuwa aikin ruwa ne.

Ga tsarin da muka bi, ki nuna wa maigida.

Na farko, hanyar ruwa. Titi yana tashi a hankali saboda ciko da shara, tsohon gida kuma yana nan inda yake, har tsakar gida ta koma kwari. Kafin a kankare bango, a duba layin da danshi ya bari, a sa masa alama. Muka yi ciko da burji aka daɓe, aka karkata tsakar gida zuwa rariya, aka faɗaɗa rariyar, aka ɗaga dokin ƙofa da daɓen ɗakuna sama da wannan alamar.

Na biyu, gindin bango. A sabon gini, a tabbata birkila ya ɗaga harsashi, ya kuma shimfiɗa leda mai kauri kafin ya ɗora bulo, don ita ke hana danshi hawa. Ƙasar fadama laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani, shi ya sa harsashi marar zurfi yake tsaga bango. A tsohon bangon ƙasa kuma aka yi masa dakali a gindi don ruwan da ke fantsama. Maginin ya hana mu shafe bangon da siminti gaba ɗaya. Ya ce siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana kulle danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai ɓantaro. Yaɓe aka yi masa da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa.

Na uku, rufi. Aka duba azara ɗaya bayan ɗaya, aka canja waɗanda suka gaji. Azarar giginya mai kyau kada ki bari a faskara ta a yi girki, gara ba ta cinta da sauƙi, kuma yanzu samunta sai an sha wuya. Aka sa indararo masu tsawo don su jefa ruwa nesa da bango. A ɗakunan kwano kuma akwai tsohon silin asbesto. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu har da sankara bayan shekaru, don haka a jiƙa shi, a cire shi ɗungurungum ba tare da an farfasa ba, yara kuma su yi nisa.

Na huɗu, masai da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, gidajen cikin gari kuwa ba su da wannan filin, ga ruwan ƙasa kusa. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Jigawa tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Muka yashe rijiyar, aka sa mata magani, aka ɗaga bakinta aka yi mata murfi, muka bar ta don wanki da wanke-wanke. Tsohuwar masai kuma aka cike ta tam, domin ramin da aka rufe da itace aka manta tarko ne ga yara.

Na biyar, wayar lantarki. A canja tsohuwa, a ɗaga soket sama da inda danshi yake kaiwa.

Sai bayan duk wannan a zo kan tayil da fenti da labule. Mu kuɗinmu a na biyar suka ƙare, fenti sai da aka shekara. Ban yi nadama ba. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa, amma zanen da aka yi a kan jiƙaƙƙen bango damina ɗaya yake yi.

Maƙwabta da masu aiki

Kada murnar gyara ta mantar da ke maƙwabci. Idan kuka ɗaga gidanku, ruwan da yake kwana a wurinku wani wuri zai nema. Kafin mu yi ciko sai da Yaya ya shiga gidajen da ke jikinmu aka duba inda ruwan zai bi, aka haɗa hannu aka yashe kwatar layin. Indararo kada ya zuba a bangon wani. Katangar da kuka haɗa, ba a sauke ta sai da izininsa. Taga kuma kada ta leƙa tsakar gidan mutane.

Masu aiki maza ne, za su yi makonni suna shige da fice. A keɓe wa mata wuri, a kula da sutura, 'yan mata kada su zama 'yan kai ruwa da abinci, a bar wa yara maza. A yi ciniki a fili kafin a fara, a rubuta abin da aka ba magini da ranar da aka ba shi, kuma a biya lebura haƙƙinsa ranar da ya yi aiki. Shi ma da abin zai yi cefane.

Kafin ƙaramar Sallar 2023 Inna ta koma soronta. Damina ta zo ta wuce, daɓe bai jiƙe ba. Marayun nan suna wasa a tsakar gidan da suke da rabo a rubuce a cikinsa, Alƙur'anin kaka yana kan kanta a naɗe, mu biyar ɗin da muka zama huɗu kuma har yau a faranti ɗaya muke cin tuwon Sallah.

'Yar uwa, idan ana shirin taɓa gidanku na gado ko na su maigida a wannan rani, ki nemi lokacin da rai yake a kwance, ki yi tambaya uku cikin ladabi: Su wane ne masu rabo? Kuɗin gyaran mene ne sunansu? Wa zai rubuta? Wataƙila a yi fushi da ke na mako biyu kamar yadda aka yi da ni. Ki yi haƙuri, fushin mako biyu ya fi gabar da jikoki za su gada.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka gina mana inuwa, ya raya mana zuri'a, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya kiyaye garuruwanmu daga ambaliya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan darasinmu na tarbiyya.